Farin Ƙwan da Leah Ta Sa a Falo

Gajeriyar katanga ce ta raba gidanmu da na Leah a Zuru, irin wadda mace za ta tsaya ta miƙa wa maƙwabciyarta gishiri ko garwashi ta samanta. Ranar da aka kawo ni gidan mijina Jibo, ita ce ta fara leƙowa ta kan katangar nan ta ce, "Amarya, in kin rasa wani abu ki ƙwala mini kira, ni ce Maman Philip." Ni sunana Fadima. Ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka Mama nake ce mata har yau.

Leah 'yar ƙauyen Manga ce, iyayenta manoman dawa ne. Mijinta Solomon ya yi wa mahaifinta golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, sannan ya shiga soja kamar yadda samarin ƙasar Zuru da yawa suke yi. Ta bi shi bariki bariki, daga Kaduna zuwa Jos, har ƙasar Yarbawa. A can wata matar soja ta koya mata ɗinki, ta sayi keke na ƙafa, kuma da keken nan ta riƙe gida duk lokacin da aka tura shi wani wuri. 'Ya'yansu biyu ne suka rayu, Philip da ke aiki a Kaduna da Alice da ke aure a Dirin Daji.

An tura Solomon Laberiya, ya dawo lafiya. Aka sake tura shi Saliyo, ya dawo da tabo tun daga girarsa ta hagu har kunne, da ido ɗaya mai zubar da ruwa in haske ya yi yawa. Ya ajiye kaki yana da muƙamin saje, suka dawo gida suka gina ɗaki biyu da falo. Saje kowa ke ce masa a unguwa. Mutum ne mai gaisuwa, ba ya wuce ƙofar gida bai tambayi lafiyar yara ba, kuma duk damina shi ne farkon wanda ke tafiya gona. Da rana ba za ka ce komai na damunsa ba.

Leah ce kaɗai ta san yadda yake in rana ta faɗi. Ba ya iya zama cikin duhu. Da duhu ya rufe shi sai numfashinsa ya sauya, ya fara lalube, yana kiran sunayen mutanen da ba ta taɓa gani ba. Haske mai ƙarfi kuma yana sukar idonsa kamar an zuba barkono. Ya daina kwana a ɗaki, sai a doguwar kujera a falo, kusa da ƙofa. Shekaru ta yi tana rage lagwanin fitilar kananzir daidai yadda zai iya ɗauka, tana farkawa ta duba ko ta mutu, har hayaƙin ya sa masa tari.

Philip ne ya zo da mafita wata Kirsimeti, ko da yake tarin da ciwon idon kawai ya sani. Ya sayo wani makunni mai murɗawa kamar na fanka, dima ake ce masa, ya kira mai gyaran wuta ya dasa shi a bangon falo gefen ƙofa. In ka murɗa dama haske ya ƙaru, in ka murɗa hagu ya ragu har ya koma ja-ja kamar garwashi. Saje ya nemo inda ya yi masa daidai, ƙasa sosai, ya diga jan fenti a wurin. Daga nan ba wanda ke taɓa makunnin. Ko an ɗauke wuta a nan ake barinsa, don in an kawo ta zo masa a hankali. Leah ta ce mini tun dawowarsu ba ta taɓa barci irin na watannin nan ba.

Sai dai kekenta ma a falon yake, jikin taga, kuma idonta ya fara gajiya. Jan ƙwan lantarkin nan na da, ko an murɗa shi ya kai ƙarshe, ba ya nuna mata kafar allura, ga zafi da yake ƙara wa ɗaki lokacin bazara, ga saurin mutuwa. A shekarar 2007 fararen ƙwayaye masu tsimin wuta suka cika kasuwar Zuru, waɗannan masu naɗe kamar igiya. Ta gan su a coci, ta ga yadda ake karanta littafin waƙa a ƙarƙashinsu kamar da rana. Ta yi tunanin in Saje ya tafi gona ko majalisa za ta murɗa ya kai ƙarshe ta yi ɗinkinta, in ya dawo ta mayar masa kan jan fentinsa.

A shagon Ugonna ta saya. Ugonna ɗan ƙabilar Ibo ne mai sayar da kayan wuta a bakin kasuwa, a Zuru ya girma, Hausa a bakinsa kamar tamu, kuma a layinmu yake haya. Ranar kasuwa ce, shago cike, ya gwada mata ƙwan a batir ɗinsa ya kama fari tas, ya mayar a kwali ya miƙa mata. Bai tambaye ta inda za ta sa ba, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba. Ta dawo ta hau kujera ta cire tsohon ta ɗaura sabon. Kwanakin ba wuta a unguwarmu, saboda haka ba ta ga yadda zai yi ba. Saje kuma yana Manga wajen shuka, bai san an canza komai ba.

Ranar da ya dawo, ina gidan. Za a yi bikin ƙanena a Danko, na kai wa Leah ɗinkin atamfa, na shiga da la'asar sakaliya in karɓa. Na same ta tana sauri ta gama kalmasa bakin zani kafin hasken taga ya ƙare. Saje ya shigo a gajiye da ƙurar gona, muka gaisa, ya tambayi Jibo da yara, ya jingine addarsa bayan kujera, ya miƙe. Kafin a jima barci ya ɗauke shi. Hadari na haɗuwa ta gabas, ana jin rugugi daga nesa. Da aka fara kiran magariba na ce, "Mama, bari in je, na dawo da safe."

"Tsaya mana, layi ɗaya ya rage," in ji ta.

Sai muka ji yara a waje sun ɗau ihun an kawo wuta.

Ƙwan bai kama ba, bai kuma mutu ba. Walƙiya ya shiga yi, fari, duhu, fari, duhu, da sauri har ido ba ya iya bi, yana wata ƙara siririya kamar zuma ta shiga kwalba. Hannun Leah da ke kan keke na gan shi yana tsalle-tsalle kamar ba nata ba. Ta ɗaga kai ta ce, "Yesu," a hankali, ta yunƙura za ta nufi makunnin.

Saje ya riga ta. Ban ga tashinsa ba, faɗuwarsa ƙasa kawai na ji. Ya daka tsawa da muryar da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Ƙasa! Kowa ƙasa!"

Ya fizgo ƙafar Leah ta zube, ni kuma ban san lokacin da na kwanta rubda ciki a siminti ba. Ya ja jiki zuwa ƙofa, ya danna sakata, ya jawo doguwar kujera ya tare, ya ɗauki adda, ya tsuguna bayansa a jikin bango. Makunnin yana daidai saman kafaɗarsa. Duk walƙiyar da ƙwan ya yi sai in ga bakin addar ya haska, in ga idonsa a buɗe, ba mu yake kallo ba. Yana ta magana da Turancin bariki, yana kiran wani kofur, yana tambayar ina rediyo. Aka yi tsawa a sama, ya ƙara matse addar.

Na fara salati da ƙarfi. Leah ta miƙo hannu ta kama yatsuna ta matse.

"Fadima, yi a zuci," ta raɗa mini. "Kada ki tashi, kada ki yi gudu. Bai san mu ba yanzu."

Ta ɗan ɗaga murya. "Baban Philip. Ni ce. Fitila ce ta lalace."

"Shiru!" ya ce. "Suna bayan itatuwan can."

Haka muka kwanta. Ban san iya tsawon lokacin ba, amma na ji an idar da salla a masallacin layinmu, na ji takun mutane suna fitowa. Can sai ga sallamar Jibo a tsakar gidan. Ya koma gida bai same ni ba, yara suka ce ina wajen Mama. Ya yi sallama ba amsa, ya sake, sannan ya ƙwanƙwasa ƙofar falo.

Saje ya kai wa ƙofar sara. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe ta cika ɗakin, ni kuma ihu ya kuɓuce mini.

Ihun nan shi ya ɓata komai. Wani ya zagaya ya leƙa ta ƙarfen taga, cikin walƙiyar ya ga soja da adda, ya ga mace a kwance a ƙasa, ya juya ya faɗa wa na bayansa. Kafin maganar ta kai bakin titi ta zama Saje ya kulle matar Jibo zai yanka ta. Ina kwance ina jin tsakar gidan na cika. Na gane muryar ƙannen Jibo, na gane ta wasu samari da ba na layinmu ba. Daga ɗaya gefen kuma na ji ana magana da yaren su Leah, 'yan uwan Saje da ke bayan layi sun iso su ma. A shekarun nan kowa ya ji abin da ya faru a wasu garuruwa, inda ƙaramar magana ta ci unguwa guda. Mu a Zuru gida ɗaya za ka samu mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, amma kunnen kowa a tsaye yake.

"A ɓalle ƙofar!" wani ya ce.

"Wanda ya taɓa ƙofar nan ya taɓa mu," wani ya amsa daga can gefe.

Leah ta ɗaga kanta kaɗan daga siminti. Ba ta yi ihu ba, amma muryarta ta fita sarai.

"Malam Jibo, kana jina?"

"Ina jin ki, Mama. Mi ya faru? Ina Fadima?"

"Ga ta a hannuna, ko ƙwarzane babu. Ciwon Saje ne ya tashi. Don girman Allah kada ka bari a taɓa ƙofar nan. In aka ɓalle ta, wanda ya fara shigowa shi zai sara."

Ta matse hannuna. Na tattaro abin da ya rage mini na ce, "Malam, lafiyata lau. Ka ji maganar Mama."

Daga baya aka ba ni labarin abin da Jibo ya yi. Dillalin shanu ne, kullum da sandarsa. Ya juya ya ba ƙofar baya, ya gitta sandar a ƙirjinsa, ya ce wa ƙannensa matarsa ce a ciki ba tasu ba, kuma duk mai son shiga sai ya bi ta kansa. Ya ce a lokacin bai san ko daidai yake yi ba.

Sai wani ya kawo shawarar a cire wutar gidan daga mita, tunda fitilar ce ke haukata shi. Na ji mutane sun amsa, na ji takun mai tafiya wajen mitar. A nan ne kaɗai na ji tsoro a muryar Leah.

"A'a! Kada a cire! In duhu ya yi ba zan iya riƙe shi ba!"

Saje ya juyo wajen muryarta da addar a sama. "Wa ke ba su labari?" ya ce. Ya ja gwiwa ɗaya ya matso. Leah ta mayar da kumatunta kan siminti ta yi tsit. Ni na rufe ido. Wani wari ya fara sauka daga sama, warin roba mai ƙonewa.

Lokacin ne Ugonna ya iso. Ya rufe shago yana komawa gida ya tarar da taro, ya kutsa har taga, ya ga irin walƙiyar da ake yi. Ya sa baki a jikin ƙarfen ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mama, farin ƙwan nan a dima kika sa shi?"

"E."

"Ba ya shiri da dima. Ko ki kashe, ko ki murɗa ya kai ƙarshe. Ki yi sauri, gindinsa ya fara hayaƙi, zai iya kama silin."

Saje ya zabura ya kai wa tagar sara, addar ta bugi ƙarfe har wuta ta yi tartsatsi. Ugonna ya faɗa baya, taron ya ɗau hayaniya, na ji Jibo yana ta cewa a tsaya, a tsaya. Saje ya koma mazauninsa a ƙarƙashin makunnin yana haki.

Leah ta saki hannuna. Na ji ta ja dogon numfashi. Da ta buɗe baki, ba da muryar matar gida ta yi magana ba. Gajeriyar murya ce, a tsaye, irin wadda ta shekara tana ji a bariki.

"Saje."

Ya juyo da kansa wajenta.

"Saje, fitilar nan za ta nuna musu inda muke. Ina neman izini in je in kashe ta."

Ƙwan ya yi ta walƙiyarsa. Na ga kan Saje ya ɗaga sama, ya kalli fitilar kamar yanzu ya fara ganinta, ya dawo da kallonsa wajen da muryar ta fito.

"Ja ciki," ya ce. "Kada ka ɗaga kai."

A zatonsa namiji ce, ɗaya daga cikin sojojin da ke ƙarƙashinsa a can fagen yaƙi. Ta fara jan ciki a kan siminti, mace mai jikoki, zaninta na kama ƙafar keke tana fizgewa. Falon ba wani girma gare shi ba, amma na ga kamar ba za ta taɓa isa ba. Da ta kai gabansa dole ta miƙe a kan gwiwa, ta miƙa hannu ta saman kafaɗarsa. Bakin addar yana jikin wuyanta. Na ga yatsunta sun kama makunnin.

Ta murɗa dama har ƙarshe.

Haske ya tsaya cak, fari fat, komai na ɗakin ya fito: keke, atamfata a ƙasa, hoton bikin Alice a bango, kalandar coci. Saje ya yi ƙara ya kai hannu biyu ya rufe idonsa, addar ta faɗi. Leah ta sa ƙafa ta shure ta ƙarƙashin keke. Ta kwance ɗankwalinta ta lulluɓe masa fuska, ta jawo kansa ta ɗora a ƙirjinta, tana yi masa magana da yarensu, tana maimaitawa. Abin da na tsinta kawai shi ne sunanta da sunan Zuru. Jikinsa ya yi ta karkarwa, sannan ya saki, ya fara kuka kamar yaro.

"Fadima," ta ce ba tare da ta juyo ba, "ja kujerar ki buɗe. Ki fita da ƙafarki su gan ki. Ki ce a kawo fitilar kananzir a kunne kafin a cire wuta."

Kujerar ta yi mini nauyi, amma na ja ta. Na zare sakata. Bayan Jibo na fara gani, sannan fuskoki cike da tsakar gida har zaure, wasu da sanduna, wani da taɓarya. Duk suka zuba mini ido. Ban taɓa magana a gaban maza masu yawa haka ba.

"Ga ni," na ce. "Ba abin da ya same ni. Ba shi da lafiya ne. Ƙwan lantarki ne ya lalace ya tayar masa da ciwo. A taimaka da fitila."

Wata tsohuwa daga dangin Saje ta zo ta shafa hannuwana da wuyana a gaban kowa, ta juya ta ce babu jini. Liman ya ce to alhamdu lillahi, kowa ya kama gabansa. Ba su watse nan take ba, sai da ruwan ya sauko da ƙarfi ya kore su. Jibo da kansa ya shiga gidanmu ya kunno fitila ya rage lagwani, ya ajiye a bakin ƙofar falon bai leƙa ba. Sannan Ugonna ya cire wuta, ya hau kujera da tsumma ya kwance ƙwan. Gindinsa ya yi baƙi ya narke gefe guda, silin ɗin kuma ya yi tabon hayaƙi.

Washegari Ugonna ya dawo da jan ƙwai irin na da, ya ɗaura da hannunsa. Ya zauna a tsakar gida ya yi wa Leah bayani, ina daga kan katanga ina ji. Ya ce jan ƙwai zare ne kawai a cikinsa, in ka rage masa wuta sai ya rage haske. Farin kuwa akwai 'yan na'urori a gindinsa da ke son wuta cikakkiya, in aka rage musu sai su yi ta kamawa suna saki, su yi zafi har su ƙone. Ya ce akwai irin wanda aka yi don dima, amma bai taɓa ganinsa a kasuwar da yake sari ba.

"Laifina ne, Mama, da na tambaye ki."

"Ni ma da na faɗa," in ji ta. "Sha kununka."

Tun daga ranar, duk wanda ya je sayen farin ƙwai a shagonsa sai ya tambaye shi irin makunnin da ke gidansa, har mutane suka riƙa yi masa dariya, don gidajen da ke da dima a garin ba su da yawa.

Na tambayi Leah me ya sa ta ce za ta kashe, kuma ta ƙara. Ta ce har ta kama makunnin ba ta yanke ba. Ta san hasken zai yi masa ciwo, ta kuma san zai iya kai sara kafin ya gane. Amma ta sha ganinsa ya ɓace cikin duhu, ba ta taɓa ganinsa ya ɓace cikin haske ba.

Saje bai fita ba har aka yi noman farko. Kunya ta hana shi. A unguwa kuwa magana ba ta mutu da wuri ba. Ƙannen Jibo suka matsa masa ya ɗaga katangar ko mu tashi, wasu mata suka janye ɗinkinsu daga wajen Leah, wasu kuma a cocinsu suka ce ita ta jawo, da ta bar abu yadda ɗanta ya sa shi. Ita kuwa ta fitar da kekenta zuwa rumfar tsakar gida, ta sa aka ja mata waya da makunni na kashe da kunna, ta ɗaura wani farin ƙwan a can. Ta kwashe adda da fartanya da gatari ta kai ɗakin ajiya ta sa kwaɗo, makullin a bakin zaninta. Ta aika wa Philip ya zo, ta zaunar da shi ta gaya masa abin da ta shekara tana ɓoye musu shi da Alice, tun daga daren farko da ubansu ya dawo. Philip ya tafi da shi Kaduna wajen likitan da ke duba irin wannan ciwo, aka ɗora shi a kan magani, yana komawa lokaci lokaci.

Da Saje ya dawo, wata Asabar da hantsi, ya sa rigarsa ta zuwa coci ya zagayo ta ƙofar gidanmu ya yi sallama. Jibo ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ina daga ciki na ji ya ce bai tuna komai na ranar ba sai abin da aka gaya masa, kuma ya zo ne a yafe masa. Jibo ya ce ba a neman gafarar ciwo. Saje ya ce duk da haka yana so ya ji daga bakina. Na fito na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Baba, na yafe, Allah ya ƙara sauƙi." Ya ce amin, sannan suka shiga hirar farashin shanu.

Ba mu tashi ba. Amma ni ban sake iya zama a falon nan ba. Na gwada sau ɗaya, ƙafata na taka simintin zuciyata ta hau bugawa, na ce na bar tukunya a wuta. Da na koma washegari na tarar Leah ta sa an fito da ƙaramar kujera an ajiye gefen kekenta a rumfa, ta nuna mini ita da baki tana ci gaba da taka keke. A nan nake zama in na je, ina tsinke mata zare, ita kuma tana ba ni labarin matan bariki.